TSOHUWAR TARAKTA: YADDA AKE ZAƁENTA DA YADDA AKE TAYAR DA ITA

Kusan duk manomin da ya taɓa shiga harabar ofishin gona ya ga taraktoci a jibge gindin bishiya, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, kaji na ƙwai bisa kujerar direba. Da yawa daga cikinsu sun shigo ne zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976, da shirin bunƙasa aikin gona da Gwamnatin Shagari ta fara a 1980, lokacin da ake sayo su da yawa don a riƙa bai wa manoma haya. Akwai jajaye ƙirar Massey Ferguson, da shuɗaye ƙirar Ford, da Fiat, da kuma Steyr wadda aka yi zamani ana harhaɗawa a Bauchi. Ba dukansu ne suka mutu murus ba. Wata famfon mai ne kawai ya tsayar da ita, aka rasa mai sa hannu a takardar kuɗin gyara, har shekaru suka shige.

A Ingila da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, tara tsofaffin taraktoci. Sukan bi ƙauyuka su sayi wadda ta yi tsatsa, su kwance ta ƙusa-ƙusa, su mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta har launin fentinta, sa'an nan su kai ta wurin nunin amfanin gona ko gasar huɗa. Su kallo suke nema, kai kuwa aiki kake nema. Amma sha'awar tasu ta yi maka rana, domin tana cikin dalilan da suka sa har yanzu ake ƙera kayan gyaran taraktocin da suka haura shekara 50.

Wannan takarda za ta nuna maka wadda ta cancanci a sa mata kuɗi, da wadda ya kamata a bar wa 'yan gwangwan.

WACE IRI ZA KA NEMA?

Ka nemi wadda kayan gyaranta ke kasuwa. Wannan ya fi ƙarfinta da kyanta muhimmanci. Kafin ka je ganin tarakta, ka fara zuwa wurin masu sayar da kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ka tambayi kuɗin ringi da gaskit da nozul da faifan kuloci na irinta. In mai shago ya ce sai an aiko daga waje, to ka yi tunani sau biyu.

A ganina wadda ta fi dacewa da ƙananan gonaki ita ce Massey Ferguson 135, sai yayarta 165. An fara ƙera 135 a 1964, aka yi fiye da shekara 10 ana yinta. Injinta ƙirar Perkins ne mai silinda 3, yana shan man gas, ƙarfinsa kamar na doki 45. Ba kwamfuta a jikinta, ba wata waya mai rikitarwa, bakanike mai hankali da sifana zai iya kwance ta a inuwar mangwaro. Har ila yau a Pakistan an ci gaba da ƙera Massey Ferguson 240, wadda ta gaji injin iri ɗaya, a Indiya ma an daɗe ana yin danginta. Shi ya sa kayan injin ba su yi wuya ba.

Asalin wannan gida kuwa wani mutumin Ailan ta Arewa ne, Harry Ferguson. Shi ya ƙago hanyar ɗaura garma a bayan tarakta da hannuwa uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Ga hikimar abin: in garma ta shiga ƙasa mai tauri, sai ta danno hannun sama, shi kuma ya taɓa famfon ɗagawa, famfo ya ɗan cira garmar. Nauyin garma da na ƙasar da ta ɗauko sai ya koma kan tayoyin baya, su ƙara kama ƙasa. Ta haka tarakta marar nauyi take yin aikin babba. Ƙaramar tarakta mai ruwan toka da ya fitar, TE20, an yi ta a birnin Coventry daga 1946 zuwa 1956, fiye da guda 500,000. Don ka san taurin kanta, a watan Janairu na 1958 Edmund Hillary ya isa tsakiyar ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya da irinta guda 3. Ita ce masu tarawa suka fi so. Amma kai kada ta ruɗe ka, galibinta fetur ko kananzir take sha, ƙarfinta kuma kaɗan ne ga ƙasar fadama.

KAI KAƊAI, KO KU DA YAWA?

Manomi mai hekta 2 ko 3 ba shi da dalilin sayen tarakta shi kaɗai, ko da kyauta-kyauta aka sayar masa. Shanun huɗa sun fi masa: suna ba da taki, in sun tsufa a yi musu kiwo a sayar da riba. Tarakta kuwa kullum darajarta raguwa take.

Ga lissafi mai sauƙi. Garmar faifai da ke yanka faɗin santimita 60, in tarakta na tafiyar kilomita 5 a awa, za ta juya kamar kashi uku cikin goma na hekta a awa ɗaya. Ka cire lokacin juyawa a bakin gona da tsayawa gyaran garma, abin da zai rage bai kai hekta 2 ba a wunin awa 8. Ke nan gonarka aikin kwana ɗaya da rabi ce. Sauran kwanakin shekara fa? Tana zaune, batir na mutuwa, taya na tsagewa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kun haɗu ku 20 ko 30 a ƙungiyar gama kai, gonakinku kuma ba su yi nisa da juna ba, to lissafi ya fara fita. Da kaka ta ja tirela ta kwaso amfani, da rani ta kai taki gona, ta juya injin casar masara ko famfon ban ruwa. Sai dai tun kafin a tara ko kwabo, a rubuta abu uku a gaban mai gari: wane ne direba, wa ke riƙe da kuɗi, kuma ta yaya za a jera layin huɗa. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa gonarsa yake so a fara, kuma ƙungiyoyi da dama a nan suke watsewa, ba a gareji ba. Ƙuri'a ta fi, a riƙa juya layin kowace shekara.

TAKARDU KAFIN KUƊI

Taraktar da ke harabar hukuma kayan Gwamnati ce ko da ta shekara 30 a kwance. Ba mai gadi ko wani ma'aikaci da ke da ikon sayar maka da ita a bayan fage. Sai an yi gwanjonta bisa ƙa'ida, an ba ka rasit da takardar fitarwa. In hannun mutum take, ka ga takardar da ya saya, a yi ciniki gaban shaidu. A jikin tarakta akwai ɗan faifan ƙarfe mai lamba, injin ma da tasa lambar. A rubuta duka biyu a takardar ciniki. In ka ga an kankare lamba ko an cire faifan, ka juya ka tafi. Ba abin da ya kai a gama gyara da kuɗin jama'a, sa'an nan 'yan sanda su zo su ɗauke ta a matsayin kayan sata.

YADDA AKE DUBA TA

Ka tafi da bakaniken da ya saba da injin gas, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Ku je da sassafe ba tare da an san sa'ar zuwanku ba. Ka fara ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an tayar da shi kafin ku iso, watakila don a ɓoye cewa ba ya tashi da sanyi.

Kada fenti ya ja hankalinka. Sabon fenti a kan tsohuwar tarakta sau da yawa rufin asiri ne. Ka sunkuya ka duba gangar jikin inji da gidan giya da gatarin baya. Tarakta irin wannan ba ta da firam kamar mota, waɗannan gidajen ƙarfe su ne ƙashin bayanta. In akwai tsagewa ko tabon walda a cikinsu, ciniki ya ƙare, domin ƙarfen zubi ba ya riƙe walda yadda ya kamata, wata rana yana iya rabewa tana cikin aiki.

Ka zaro ma'aunin baƙin mai. Baƙi ba laifi ba ne, haka man injin gas yake. Amma in ya yi fari-fari kamar an dama fura da nono, ruwa na shiga cikinsa. Ka murza shi tsakanin yatsu, in ka ji tsaki-tsaki, ƙarfe na cin ƙarfe. Ka buɗe murfin lagireto tun inji na sanyi, ka ga ko mai na yawo a kan ruwan.

In tana tashi, ka tsaya ka karanta hayaƙi. Ɗan fari da farko ba kome, zai wuce in inji ya yi zafi. Farin da ya ƙi wucewa, ko nozul ba sa fesa mai daidai, ko ruwa na shiga silinda. Baƙin hayaƙi yawanci ƙaramar matsala ce, matatar iska ta toshe ko famfo na ba da mai fiye da kima. Shuɗi shi ne mai tsada: inji na ƙona baƙin mai, ringi da silinda sun ci. A gefen inji akwai wani ɗan bututun numfashi da ke kallon ƙasa. In yana busa hayaƙi kamar bakin murhu, sai an sauke injin. Ka leƙa bakin lagireto kafin ruwa ya yi zafi, in kumfa na tasowa ba tsayawa, gaskit ɗin kan inji ya ƙone ko kan ya tsage.

Daga nan a ɗaura mata garma. A ɗaga garmar sama, a kashe inji, ku zauna ku jira. In ta tsaya a sama, madalla. In kana kallo tana sauka, akwai yoyo a cikin na'urar ɗagawa. A tayar kuma a bi giya ɗaya bayan ɗaya, a saurari kuka ko fitar giya da kanta. A gwada birki na dama da na hagu dabam-dabam. A girgiza sitiyari da tayoyin gaba a ga yawan wasansu. A kunna sandar baya mai juya injuna a tabbata tana kamawa tana saki.

Tayoyin baya kuwa, ka tambayi kuɗinsu a kasuwa kafin ka yi tayi. Mutane kan manta da su, alhali guda biyu kan ci babban kaso na kuɗin gyara gaba ɗaya.

Bayan haka bakanike ya rubuta duk abin da za a saya. A haɗa da kuɗin tarakta da ladan aiki, a ƙara kamar kashi ɗaya cikin uku, don in an buɗe inji ba a rasa abin da ido bai gani ba. In jimlar ta kusa kuɗin wata da ke aiki lafiya, ku sayi mai aikin. Araha ba ta ado.

GYARA: ME ZA A FARA?

Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara gyara da zarar an gama kaka, don a gama kafin bazara. Wanda ya kai tarakta gareji a watan Mayu, sai dai ya ga huɗar maƙwabta.

A wanke ta tas tukuna, don a ga inda mai ke yoyo, kuma kada ƙasa ta faɗa cikin inji in an buɗe. A yi aikin a kan siminti ko shimfiɗar buhuna, ba a kan rairayi ba. Kowane rukunin ƙusoshi da gwangwaninsa. Wanda ke da waya mai hoto ya riƙa ɗauka kafin a kwance kowane sashe.

In inji ya ƙame ba ya juyawa, kada a ja ta da wata mota don a tilasta shi. Na sha ganin an yi haka, sandar fistan ta lanƙwashe, gyaran ringi ya koma sayen inji. Abin yi shi ne a cire nozul, a zuba man gas gauraye da ɗan baƙin mai a kowace silinda, a bar shi mako ɗaya ko biyu. Kullum a sa babbar giya, mutum biyu su riƙa jijjiga tayar baya gaba da baya a hankali. In tsatsa ce kaɗan, zai saki. In ruwan sama ya daɗe yana shiga ta bakin salansa, to sai an cire kan inji.

Sai hanyar mai. A sauke tanki a wanke, a sake matatun mai, a busa bututai. Famfon injekta da nozul ba aikin gindin bishiya ba ne. A cikinsu akwai sassan da ƙwayar ƙura ɗaya ke ɓatawa, don haka a kai su wurin masu injin saiti. In an mayar, tilas a fitar da iska daga hanyar, daga matata zuwa famfo zuwa nozul, in ba haka ba za ku kashe batir a banza. Kada kowa ya tara hannu a bakin nozul yana fesawa, man na huda fata ya shiga nama.

A zubar da duk tsohon mai, na inji da na giya. A irin 135, mai ɗaya ne ke aiki a giya da gatarin baya da na'urar ɗagawa, saboda haka ruwa ko datti a cikinsa wuri uku yake ɓatawa. A zuba irin wanda littafin taraktar ya ce. A wanke lagireto ciki da waje, a sake robobin ruwa da fanbel. Akwai wani ɗan bawul da ke daidaita zafin ruwa, wanda makanikai da yawa kan cire su yar, wai ƙasarmu da zafi. Kada ka yarda. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana shan mai da yawa, kuma yana saurin ci.

Birki da sitiyari su biyo baya, kafin a ce za a fita titi. Fenti shi ne na ƙarshe, in kuɗi ya rage. Masu tarawa a Turai sukan yi wata guda suna neman launin asali, kai abin da kake so daga fenti shi ne ya tsare tsatsa.

In an sa sababbin ringi, awa 50 na farko a ba ta aiki matsakaici kamar jan tirela ko haro. Kada a bar ta tana ta kuka a tsaye ba aiki, kada kuma a kai ta kaftun sabuwar fadama. Bayan nan a sake baƙin mai da matata, a bi ƙusoshi a ƙara ɗaurewa.

TSOHUWAR TARAKTA NA KISA

Wannan sashe a karanta wa direba, a sake karanta masa.

Yawancin taraktocin wancan zamani ba su da ƙarfen kariya a saman direba. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, Ingila a 1970, saboda yawan manoman da tarakta ke dannewa. In ana samun na irin taku, ku saya ku ɗaura, da bel ɗin kujera. Na walda da bututun ruwa ba ya ɗaukar nauyinta.

Duk abin da za a ja, a ɗaura shi a ƙarfen ja na ƙasa. In aka ɗaura sarƙa a saman gatari ko a mahaɗin hannun sama don a tumɓuke kututture ko a ciro motar da ta kafe, gaban tarakta zai tashi ta kife da baya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ba direban da ƙafarsa ke kai wa kuloci a wannan lokaci.

Ba a tayar da ita daga ƙasa ta hanyar haɗa waya da sukudireba. In tana cikin giya, kan mai tayarwa za ta fara bi. Akwai makunnin tsaro da ke hana ta tashi sai sandar giya na tsakiya, in an tsinke shi a gyara.

Sandar baya tana juyi 540 a minti ɗaya, watau sau 9 a daƙiƙa ɗaya. Babbar riga, rawani, gyale, bakin zane, duk abin da ta kama sai ta naɗe har da mai shi. A sa mata murfi, mai aiki kusa da ita ya sa ɗamammun kaya. A kan titi a haɗe takalman birki biyu wuri ɗaya. Kujera ɗaya ce, ta mutum ɗaya. Yaran da ake ɗorawa a kan murfin taya ranar kasuwa, rami ɗaya ya isa.

GONAR DA ZA TA SHIGA

A tone kututture da manyan duwatsu tun da rani, su ne ke fasa faifai da taya. Amma gawo da ɗorawa da kaɗanya a bar su, direba ya kewaya. A jigawa kada a zurfafa garma, haro ko garmar kunya ta isa, domin ƙasa mai rairayi in an niƙe ta ruwa da iska ke kwashewa. A gangare a yi kunya a gicciye.

KULAWAR KULLUM

Kowace safiya direba ya duba baƙin mai da ruwa da iskar taya, ya bi wuraren giris. Matatar iska ta yawancin waɗannan taraktoci kwano ce mai baƙin mai a ƙasa, ƙura na faɗawa ciki ta zauna. Lokacin huɗar fari da hunturu a duba kwanon kullum, a zubar a wanke in laka ta taru, a cika daidai layin da aka zana, kada a wuce. Ƙurar ƙasarmu kaɗai ta isa ta cinye sababbin ringi a damina ɗaya.

Man gas na cikin durom a bar shi ya kwana biyu ya kwanta, a ɗiba daga sama, a bar na gindi don wanke ƙarfe. Kada a ajiye shi a tankin da aka shafa wa tutiya irin ta kwanon rufi, mai na narkar da ita ta toshe nozul. A cika tankin tarakta da yamma bayan aiki, don tankin da ba kome a ciki yana tara raɓa da dare. Baƙin mai da matatarsa a sake su duk awa 200 zuwa 250.

A sayi littafi guda a riƙa rubuta awannin aiki, da man da aka sha, da gonar wa aka yi, da abin da ya biya. Don sanin ainihin shan manta, a cika tanki, a yi huɗar hekta ɗaya, a sake cikawa da galan mai awo. Da wannan za a yanke kuɗin haya. 'Yan ƙungiya ma su biya, kuma daga kowace hekta a ware kason gyara a asusu dabam wanda ba a taɓawa don biki ko rance.

In aiki ya ƙare za ta daɗe a tsaye, a wanke ta, a shigar da ita rumfa, a ɗora ta a kan katakai don tayoyi su huta. A cire batir a riƙa yi masa caji duk wata. A kifa gwangwani a bakin salansa, a shafa tsohon baƙin mai a faifan garma. A taka kuloci a tokare shi da itace don kada faifan ya manne. Ɓeraye na son wayoyi da kujera, don haka kada a ajiye hatsi a rumfa ɗaya da ita.

In ƙungiyarku ta ga wata da take so, ku gaya wa malamin gona na yankinku kafin ku biya, ya zo a duba tare.